Leƙe ko jiran sanarwa: wanne ya kamata ka ɗora manhajarka a kai?

Duk wanda ya taɓa haɗa shafin saida data da kati, irin na VTU ɗinnan da matasa suke ta buɗewa a Kano da Kaduna da Jos da sauran garuruwa, ya san ba a wajen zana shafin gizo ke saƙar ba, a wajen kuɗi ne. Kwastoma ya tura dubu biyu zuwa lambar akawun ɗin da aka bashi, toh ta yaya manhajarka zata san kuɗin sun shigo har ta zuba masa a walet? Hanya biyu ce. Ko dai sabar ɗinka, wato kwamfutar da shafinka yake kai, ta rinƙa zuwa tana tambayar kamfanin karɓar kuɗin, sun shigo? sun shigo? duk bayan wasu daƙiƙu, wannan shine masu kod suke cewa polin, wato leƙe. Ko kuma ta zauna abinta sai kamfanin da kansa ya ƙwanƙwasa mata yace ga kuɗi nan sun shigo, sannan aikin ya tashi, wannan shine tsarin jiran sanarwa, abinda ya faru shi yake tada aiki ba agogo ba. Kuma maganar bata tsaya kan kuɗi kawai ba, tura imel ne, sarrafa hoton da aka ɗora ne, bot ɗin Telegram ne, duk wani aiki da ake yi a bayan fage sai ka tsaya a wannan mararrabar.

Mai shago a Kantin Kwari ma ya san abin. In aka ce an yi masa tiransifa, ko dai ya jira alat ya shigo, ko ya rinƙa buɗe manhajar banki yana jan allon ƙasa yana dubawa. Alat yafi sauƙi, amma kowa ya san akwai ranar da kuɗi zasu shiga alat bai zo ba, shi yasa ɗan kasuwa mai hankali da yamma sai ya buɗe ya duba lissafin da idonsa. Ra'ayina kenan tun daga farko, bazan ɓoye ba: ka bar sanarwa ta rinƙa tada aiki, amma kar ka kuskura ka kashe leƙe gaba ɗaya. Saidai akwai wuraren da leƙe kaɗai ya wadatar, akwai kuma inda shi kaɗai zai karya ka, bari mu bi su.

Mu fara da lissafin leƙe tunda shine abinda mutane basa zama su yi. Rana ɗaya daƙiƙa 86,400 ce. In ka ce duk daƙiƙa 5 a leƙa, a rana ka aika tambaya 17,280 kenan. Ace shafin naka yana samun biyan kuɗi 200 a rana, kaga waɗanda suka dawo da wani sabon abu basu kai kashi 2 cikin 100 na tambayoyin ba, sauran duk amsar babu komai ce, kuma kowacce ta ci lokacin sabar, ta buɗe haɗi, ta taɓa databes. Wannan ma in tambaya ɗaya ce take kwaso komai. In kuwa ka rubuta kod ɗin yana bin kwastoma ɗaya bayan ɗaya, mutum 500 duk minti ɗaya, tambaya 720,000 ce a rana, kuma yawanta yana ƙaruwa ne da yawan masu rajista ba da yawan ciniki ba, wato wanda yayi rajista bara bai sake dawowa ba har yau kana biyan kuɗin leƙa masa. Masu API kuma, wato ƙofar da kamfani yake buɗewa manhajarka ta rinƙa tambayarsa, basa zuba ido, suna da iyaka, kana wucewa zasu fara dawo maka da lamba 429 su ce ka yi yawa. GitHub misali tambaya 5,000 a awa suke ba mai akawun na yau da kullum.

Sai ka ce toh bari in rage, duk minti ɗaya a leƙa. Nan kuma jinkiri ya shigo. A matsakaici rabin tazarar mutum zai jira, wato daƙiƙa 30, in yayi rashin sa'a minti guda cur. A harkar data wannan minti ɗayan ya isa mutum ya turo maka saƙo uku a WhatsApp yana cewa na tura kuɗi ban ga komai ba. Matsalar leƙe kenan a taƙaice, maɓalli ɗaya gareka, tazara, kana matse ta kuɗi da nauyi su hau, kana sassauta ta jinkiri ya hau, babu inda zaka murɗa ka samu duka biyun.

Amma fa leƙe yana da wani alheri da masu zuga sabon yayi basa faɗa. Shi leƙe halin da abu yake ciki yanzu yake tambaya, ba labarin abinda ya faru ɗazu ba. In sabar ɗinka ta mutu awa uku, ko hostin ya ƙare baka biya da wuri ba, tana dawowa leƙen farko zai ga duk abinda ya taru ya kwashe, baka buƙatar kowa ya tuna da kai. Baya buƙatar adireshin da duniya zata iya samu, ko a laftof ɗinka ta gida bayan MiFi zai yi aiki. Kai kake riƙe da linzami, in aiki yayi yawa kai zaka ce goma goma zan ɗauka. In abu ya lalace kuma bincikensa da sauƙi, layi ɗaya ne a cron, wato shirin da yake tada aiki bisa agogo, ka duba log kaga ya gudu ko bai gudu ba. Ga wanda yake kan hostin na haɗaka irin mai cPanel, inda ba'a barin ka kunna wani shiri ya zauna a kunne dare da rana, cron ɗinnan kusan shine kaɗai abinda kake dashi na aikin bayan fage, kuma babu abin kunya a ciki.

Abu ɗaya zan ja kunne akai anan, cron bai damu da ko aikin ɗazu ya gama ba. In ka sa shi duk minti ɗaya, aikin kuma wata rana ya ɗauki daƙiƙa 90 saboda API ɗin wancan ɓangaren yana jan ƙafa, na biyu zai tashi na farko yana kan aiki, su biyun su ga oda ɗaya a matsayin wadda ba'a sallama ba, su biyun su tura data. Don hana na biyu tashi kafin na farko ya gama, a Linux akwai flock da zaka sa a gaban umarnin, a Laravel, wato tsarin gina shafi da PHP, akwai withoutOverlapping, saidai ka sani makullinsa in baka canza ba sai bayan awa 24 yake sakin kansa, toh in aikin ya mutu a tsakiya ta mummunar hanya zai iya barin maka ƙofa a kulle, gara ka bashi wa'adi gajere da ya dace da aikin.

Yanzu ɓangaren sanarwa, anan nake so mu ɗan zauna domin anan kuɗin mutane suke salwanta. Ita wannan sanarwar ake cewa webhuk, yadda yake shine ka ba kamfani wani adireshi a shafinka, duk lokacin da wani abu ya faru su turo maka saƙo ta POST. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 kuma Stripe ta saya a 2020, in biyan kuɗi yayi nasara zai turo maka sanarwa mai suna charge.success. Flutterwave da Monnify suma suna da nasu. Daɗinsa a fili yake, cikin daƙiƙa kaɗan walet ya cika, ranar da babu ciniki sabar bata yin komai, nauyi yana bin yawan ciniki ne kawai. Duk wanda ya koma daga leƙe zuwa wannan zai ji kamar an sauke masa kaya.

Saidai daga ranar da ka buɗe wannan ƙofar ka ɗauki wasu nauyi guda huɗu ko biyar da leƙe bai ɗora maka ba, kuma in baka shirya musu ba wallahi gara ka zauna a cron ɗinka.

Na farko kowa zai iya turo saƙo zuwa adireshin nan. Duk wanda ya gano shi zai iya rubuta saƙon ƙarya yace wane ya biya dubu ɗari. Shi yasa Paystack yake haɗo hatimi a kan saƙon mai suna x-paystack-signature, wanda aka lissafa da HMAC SHA512 daga jikin saƙon da makullin sirrinka, kai ma sai ka lissafa naka ka gwada, in basu zo ɗaya ba ka watsar. Kuma da ɗanyen jikin saƙon zaka lissafa yadda ya zo, ba bayan ka warware JSON ɗin ka sake ɗaure shi ba, domin ko sarari ɗaya ya canza hatimi bazai yi daidai ba. Bayan hatimi ka duba adadin kuɗin da kanka, ka tuna a kobo suke turowa, 200000 na nufin naira 2,000 ne.

Na biyu, wanda yafi kowanne cin mutane, saƙo ɗaya zai iya zuwa sau biyu ko sau biyar. Ba kuskure bane, haka aka tsara. In suka turo basu samu amsar 200, wato lambar an karɓa lafiya, daga wajenka ba zasu ɗauka bai iso ba su sake turowa. Paystack yana sake gwadawa duk minti 3 a karo huɗun farko, daga nan duk awa har tsawon awa 72, Stripe ma har kwana uku yake bi yana ƙara tazara. Yanzu ka duba wannan, saƙo ya iso, ka zuba kuɗi a walet, sannan kod ɗinka ya tsaya tura SMS da imel, abin ya ja lokaci har wa'adin jiransu ya ƙare, ko wani ɗan kuskure ya faɗo a layin ƙarshe ya dawo da lambar kuskure ta 500. A wajenka an gama, a wajensu ba'a yi ba. Bayan minti uku ga shi ya dawo, ka sake zubawa. Akwai ma wata hanyar da ake ninka kuɗi ba tare da an sake turo komai ba, kwastoma ya gama biya burauza ta maido shi shafinka, kod ɗin wajen ya tabbatar ya zuba, a daidai wannan daƙiƙar webhuk ma ya iso ya zuba. In kariyarka ita ce ka fara dubawa ko an riga an zuba sannan ka zuba, su biyun zasu duba a tare su ga ba'a zuba ba. Maganin da yake aiki shine ka bar databes ya zama alƙali, ka sa lambar shaidar cinikin a ginshiƙin da baya karɓar maimaici, ka rubuta ta da ƙarin kuɗin walet a cikin tiransakshan ɗaya, wato ko su shiga tare ko babu wanda zai shiga, na biyun da ya zo databes ɗin ne zai ƙi shi, kai kuma ka amsa masa 200 ka wuce. Wannan ba zaɓi bane, duk wanda zai karɓi webhuk na kuɗi ba tare da shi ba yana wasa da dukiyar kansa ne.

Na uku saƙo zai iya ɓacewa gaba ɗaya. Satifiket ɗin SSL, wato na HTTPS ɗin shafinka, ya ƙare ranar Juma'a da dare, ko ka canza adireshin shafin ka manta baka canza a dashbod ɗin kamfanin ba, ko katangar tsaro irin ta Cloudflare da ka kunna ta ɗauki saƙon a matsayin bot ta tare shi. In ka gyara cikin kwana ukun nan toh, in ka wuce shikenan. Wasu ma basa sake turowa da kansu sam, GitHub in webhuk ya faɗi baya maimaitawa sai kai ka nema, kuma daƙiƙa 10 kawai yake jiran amsarka. Abinda yafi damuna da wannan matsalar shine bata da ƙara. Cron in ya lalace zaka ga kuskure a log duk minti. Webhuk in ya daina zuwa shiru kawai zaka ji, kuma shirun babu ciniki da shirun ƙofa ta toshe kamarsu ɗaya, sai kwastoma ne zai sanar da kai.

Na huɗu basa zuwa a jere. Sanarwar an maida kuɗi zata iya riga sanarwar an biya isowa in ta farkon ta faɗi tana jiran maimaici. Dabarar da nafi yarda da ita shine ka ɗauki webhuk a matsayin ƙwanƙwasa ƙofa kawai, yana zuwa ka ajiye shi, sannan ka je ka tambayi API ɗin halin da cinikin yake ciki yanzu, a Paystack akwai hanyar verify da zaka ba lambar shaidar. Kaga ka haɗa saurin sanarwa da gaskiyar leƙe, tambaya ɗaya tak a lokacin da ya dace.

Sai kuma ambaliya. Da leƙe kai kake ɗiba daidai cikinka, da sanarwa su suke turowa yadda suka ga dama, ƙarshen wata albashi ya shigo ko ka yi bonanza mutum ɗari uku su biya cikin minti biyar. Shi yasa ƙa'idar ita ce mai karɓar webhuk kar ya yi aiki mai nauyi, ya duba hatimi, ya rubuta saƙon a tebur ko a layin aiki, ya amsa 200, shikenan. Wani shirin daban da zamu kira ma'aikaci ne zai zo ya ɗauka daga layin.

Toh anan kuma tambayar ta sake dawowa a cikin gidanka, shi ma'aikacin ta yaya zai san an saka sabon aiki a layi? Leƙe ko sanarwa again, saidai anan lissafin ya canza sosai. Leƙen databes ɗinka da yake kan inji ɗaya da kai, a tebur mai indes mai kyau, abu ne mai arha ƙwarai, ba kamar tsallaka intanet zuwa API ɗin wani ba. Layin Laravel mai amfani da databes haka yake yi, in bai ga aiki ba ya kwanta daƙiƙa 3 ya sake dubawa, kuma shafuka da yawa suna rayuwa lafiya a haka. Tun da databes ɗin PostgreSQL 9.5 ya kawo SKIP LOCKED a 2016, MySQL 8.0 ma ya biyo baya a 2018, ma'aikata goma zasu iya ɗiba daga tebur ɗaya ba tare da biyu sun kama aiki ɗaya ba. In kana kan cPanel zaka iya sa cron ya kira queue:work da --stop-when-empty duk minti, ya kwashe abinda ke layi ya fita. Ga mafi yawan shafukan da nake gani wannan ya isa har ya yi yawa.

In kana so aikin ya tashi nan take kuma kana da VPS, wato sabar da kake da cikakken iko a kanta, PostgreSQL yana da LISTEN da NOTIFY, ma'aikaci ya saurara, ana rubuta sabon aiki a tada shi. Yana da kyau domin sanarwar bata fita sai tiransakshan ya tabbata, amma wanda baya saurare a lokacin ya rasa ta har abada, abinda zata ɗauka bai kai bayit 8,000 ba, kuma in kana bi ta PgBouncer, mai raba haɗin databes, a yanayin tiransakshan LISTEN baya aiki. Pub/sub na Redis ma haka yake, a faɗa a wuce, wanda baya nan ya yi asara, shi yasa layin aiki na gaske akan Redis da lis ake yinsa ko da Streams da suka zo a Redis 5.0 a 2018. Don haka ko da NOTIFY, aikin kansa a tebur yake zama, sanarwar tada barci ce kawai, ma'aikacin kuma duk rabin minti ko minti ya leƙa ko akwai abinda ya wuce shi.

RabbitMQ da Kafka kuwa, wato manyan injinan layin saƙo, gaskiya ina jin takaici in naga yaro mai shafin da bai kai oda dubu a rana ba yana fama da kafa Kafka saboda ya gani a bidiyo. A LinkedIn aka gina Kafka, aka sake shi ga jama'a a 2011, don matsalar kamfanin da bayanai suke kwarara masa kamar ruwan Agusta, da ƙungiyoyi da yawa masu karanta abu ɗaya. Kowane sabon inji da ka ƙara abu ne da zai iya mutuwa ƙarfe biyun dare kuma kai kaɗai ne zaka tashi. Sannan yana kawo sabuwar matsala, ka rubuta a databes, kafin ka tura sanarwa zuwa layin shirin ya mutu, yanzu oda tana nan amma babu wanda ya sani. Maganin da manya suke amfani dashi shine su rubuta sanarwar a wani tebur cikin tiransakshan ɗin odar, wani shiri kuma ya rinƙa kwasa daga teburin yana turawa, wanda sau da yawa leƙe ne yake yi. Kai hatta mai karatu daga Kafka ɗin, umarnin da yake kira sunansa poll.

Akwai hanya ta tsakiya da ya kamata ka sani, dogon leƙe. Ka yi tambaya, maimakon a ce maka babu komai nan take sai a riƙe layin a buɗe har wani abu ya zo ko wa'adi ya cika. Amazon SQS, wato layin aiki na Amazon, yana barin ka jira har daƙiƙa 20 a haka. Bot ɗin Telegram shine misali mafi kusa da mu, suna baka getUpdates wanda shine dogon leƙe, da setWebhook, kuma baza ka iya kunna biyun a tare ba. Webhuk ɗinsu sai da HTTPS kuma a tashar 443 ko 80 ko 88 ko 8443, saƙon da baka karɓa ba kuma basa riƙe shi fiye da awa 24. In kana da inji mai zama a kunne, getUpdates ya ishe ka, sauri kusan ɗaya ne kuma babu wahalar satifiket. In kana kan hostin na haɗaka da PHP, webhuk ne ya dace da kai tunda baka da shirin da zai zauna yana jira. Kaga anan abin ya juye, mai ƙaramin hostin shine yake buƙatar sanarwa. WhatsApp Cloud API kuwa bai baka zaɓi ba, saƙon da aka turo maka ta webhuk kawai zaka same shi.

Wani wurin da sanarwa bata da abin cewa shine abinda bai faru ba. Ba wanda zai turo maka saƙo yace kwastoma bai biya ba, ko mai baka data ya karɓi oda ya barta a pending minti ashirin bai ce komai ba. Rashin faruwar abu agogo ne kaɗai yake gano shi. Hanya biyu ce nan ma, ko cron ya rinƙa share tebur yana neman odar da ta daɗe, ko kuma lokacin da aka ƙirƙiri odar ka saka aiki mai jinkiri a layi kace bayan minti 10 a tashi a duba wannan. Na biyun yafi tsafta in odar tana da yawa, saidai ka duba iyakar kayan aikinka, SQS misali jinkirinsa baya wuce minti 15. Wannan muhawarar ma ta girmi yawancinmu. Cron na farko a Unix duk minti yake farkawa ya karanta fayil ya ga ko akwai abin yi. A ƙarshen shekarun 1970 a jami'ar Purdue ta Amurka aka sake rubuta shi ya rinƙa lissafa yaushe ne aiki na gaba ya yi barci har lokacin, saboda masu amfani sun yi wa injin yawa. Da injina suka ƙara ƙarfi, cron ɗin da Paul Vixie ya fitar a 1987, wanda jikokinsa ne a yawancin Linux yau, ya koma farkawa duk minti, domin sauƙin ya fi ɗan abinda ake ɓatawa daraja.

A waya kuwa maganar gajeriya ce, kar ka yi leƙe a bayan fage. Tun Android 6.0 a 2015 da aka kawo Doze, waya in ta kwanta tana hana manhajoji taɓa intanet sai a wasu 'yan tagogi, WorkManager kuma, wato kayan aikin bayan fage na Android, baya yarda da aikin maimaici da ya gaza minti 15. Ga cin batir ga cin data, a wurin da mutum yake lissafin kowane MB kuma wuta ba kullum ba. Ka yi amfani da Firebase Cloud Messaging ya tada manhajar, amma tunda wasu wayoyin suna kashe manhaja a baya da zafin hannu sanarwar bata isa ba, duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar ta jawo sabon bayani da kanta. In yana tsaye a shafin jiran biya yana kallo, leƙen sabar ɗinka duk daƙiƙa 3 na minti biyu ba laifi bane, bai kai a kafa WebSocket saboda shi ba.

Kar kuma ka ɗauka haɗa biyun dabarar masu ƙaramin ƙarfi ce. Gaskiya ne sanarwa ce ta ba sabar damar riƙe dubban haɗi a lokaci ɗaya, kqueue a FreeBSD a 2000, epoll a Linux a 2002, akansu nginx na 2004 da Node.js na 2009 suka tsaya. Amma shi kansa Linux ɗin, katin netwok yana tada shi da sanarwa in fakiti ya zo, in suka yi yawa sai ya kashe sanarwar ya koma ɗiba da leƙe, ana ce wa tsarin NAPI, saboda in abu yana zuwa ba ƙaƙƙautawa tadawar kanta ta zama nauyi, kuma kowane leƙe yana dawowa da kaya. Kubernetes ma, wato tsarin tafiyar da manhajoji akan injina da yawa, yana sauraron canji, amma shirye-shiryen da suke kula da aiki a cikinsa an gina su ne su rinƙa gwada yadda abu yake da yadda ya kamata ya kasance, suna kuma sake bi lokaci lokaci ko da ba'a sanar dasu komai ba.

Toh wanne zaka ɗauka? In abin da kake jira jinkirin minti biyar ko awa baya cutar da kowa, rahoton dare, sabunta farashin data daga mai baka, bakof, tura tunatarwa, ka sa cron ka tafi harkarka, duk wani abu sama da haka ɓata lokaci ne. Haka in wanda kake hulɗa dashi bashi da webhuk, ko nasa bashi da hatimi, leƙe ne dole, saidai ka yi shi da hankali, tambaya ɗaya mai kwaso duk abinda ya canza tun leƙen baya, ba bin mutum ɗaya ɗaya ba. In kuwa mutum ne a tsaye yana jira kuma kuɗinsa ne a ciki, webhuk da layin aiki, tare da hatimi da ginshiƙin hana maimaici, kafin ka karɓi naira ɗaya ta gaske.

Sannan ka sa mai shara a bayan webhuk ɗin. Cron duk minti 5 ya nemo cinikin da aka fara amma har yanzu ba'a rufe ba, ya tambayi API ɗin halinsu, ya bi ta cikin kod ɗin da webhuk yake bi, ba wani kod daban ba, don kariyar maimaicin ta rufe su duka. Kar ya rinƙa tambayar ciniki ɗaya har abada, bayan minti 5, sai 15, sai awa, sai awa shida, daga nan a ajiye shi mutum ya duba. Na akawun ɗin tiransifa kuwa tunda baka san za'a turo ba balle ka buɗe ciniki, sai dai ka jawo jerin kuɗin da suka shigo na awannin baya ka gwada da naka teburin, sau ɗaya a awa da kuma sau ɗaya da dare na ranar gaba ɗaya. Ka rinƙa ƙirga guda nawa mai sharar ya kama a rana. In kullum sifili ne ko ɗaya biyu, webhuk ɗinka lafiya lau. Ranar da kaga ya kama talatin cikin awa ɗaya, ka sa ya turo maka saƙo a Telegram nan take, ka je ka duba satifiket da katangar tsaro da adireshin da ke dashbod.